RIJIYA ƊAYA, GUGA DA YAWA: Yadda Hukuma Take Kafa Doka ga Masu Ba da Sarin Intanet ta Wayar Faiba

A 'yan shekarun nan wayar hannu ta shiga cikin kayan aikin manomi, kamar garma da lauje. Da ita muke jin farashin masara a Saminaka ko a Dawanau kafin mu ɗinke buhu. Da ita ma'ajin ƙungiya yake karɓar zubi, da ita kuma muke kiran malamin gona ko malamin dabbobi. Amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambaya, shin saƙon da muke aikawa ina yake bi bayan ya bar dogon ƙarfen sabis da ke bayan gari? Amsar ita ce, daga ƙarshe yana gangarawa cikin wata waya da aka binne a ƙasa, wadda ake kira faiba. Wanda ya mallaki wannan waya yana da iko babba a kan kuɗin da jama'a suke biya, da kuma garuruwan da sabis zai kai. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana wa ƙungiyoyinmu yadda hukuma take sa wa mai irin wannan waya linzami. Za mu ɗauki misali daga ƙasar Nuzilan, gama ƙasar manoma da makiyaya ce, kuma ta yi wannan aiki daki-daki.

MENE NE FAIBA?

Faiba zare ne na gilashi, siririnsa kamar gashin kai. Ana haɗa zaruruwa da yawa a naɗe su cikin roba mai kauri, sa'an nan a binne a ƙasa ko a rataya a jikin turakun lantarki. Ba wutar lantarki ke gudu a ciki ba kamar a tsohuwar wayar tarho ta jan ƙarfe. Haske ne yake gudu, shi ne kuwa yake ɗauke da murya da hoto da rubutu. Zare ɗaya yana iya ɗaukar saƙon dubban mutane a lokaci guda. Tsatsa ba ta cinsa, yakan kuma yi shekaru masu yawa yana aiki in ba a sare shi ba.

Zaren kansa ba shi da tsada ƙwarai. Abin da ke cin kuɗi shi ne haƙa rami mai tsawon ɗaruruwan kilomita, da biyan kuɗin izinin bin gefen hanya, da jawo wayar har ƙofar kowane gida. Wannan ya sa in kamfani ɗaya ya riga ya shimfiɗa tasa a gari, da wuya na biyu ya zo ya sāke tona titi domin ya shimfiɗa wata, tun ba a ƙaramin gari ba. Mun san wahalar haƙa rijiya. Unguwa ba ta haƙa rijiya biyar a jere. Ɗaya ake yi, kowa ya kawo gugansa.

MAI SARI DA 'YAN KIRI

A cinikin intanet akwai mai sari, akwai 'yan kiri. Mai sari shi ne mai wayar. Ba ya sayar wa mai gida kome kai tsaye. Yana ba kamfanoni hayar wayar ne, wata wata, a kan kowane gida. Waɗannan kamfanoni su ne 'yan kiri. Su ne suke tallar intanet, su karɓi kuɗi a hannun jama'a, su kuma amsa kukan mai saye. 'Yan kiri suna da yawa, suna gasa da juna, gasar kuwa takan sauko da farashi. Amma mai sari sau da yawa shi kaɗai ne a yankinsa.

Dattawan cikinmu sun san abin da ake nufi da ciniki a hannun mutum ɗaya. Suna tuna zamanin hukumar gyaɗa da ta auduga, kafin a rushe su a shekara ta 1986, sa'ad da mai saye ɗaya ne yake yanka farashi, manomi ba shi da ta cewa. Suna kuma tuna zamanin da NITEL kaɗai ke ba da layin tarho, kafin zuwan wayar hannu a 2001. Inda babu gasa abu uku sukan faru. Farashi ya hau, aiki ya lalace, kuma in mai rijiyar shi ma yana sayar da ruwa a gari, sai ya riƙa ba yaransa ɗiba da fari, sauran 'yan garuwa su tsaya a layi. Domin hana waɗannan abubuwa uku ake kafa hukumar sa ido.

ABIN DA AKA YI A NUZILAN

Nuzilan tsibirai ne a cikin teku, gabas da Ostareliya, mutanenta sun ɗan haura miliyan 5. Madara da nama da 'ya'yan itatuwa suna cikin manyan kayan da take kaiwa waje. Dā can gidan waya na gwamnati ne yake riƙe da tarho. A 1987 aka cire sashen tarho aka mai da shi kamfani mai suna Telecom, a 1990 kuma aka sayar wa 'yan kasuwa. Wannan kamfani shi ne mai wayar da ta shiga gidaje, shi ne kuma babban ɗan kiri. Sauran kamfanoni suka yi ta kukan cewa ba a yi musu adalci.

A shekara ta 2009 gwamnati ta ware dalar ƙasar miliyan 1,500 domin a kai faiba ga kashi 75 cikin 100 na jama'a cikin shekara goma. Amma ta gindaya sharaɗi. Duk kamfanin da zai karɓi wannan kuɗi ya shimfiɗa waya, tilas ya tsaya a kan sari kawai, kada ya kasance a hannun ɗan kiri. Telecom ya ga in bai rabu ba aikin zai wuce shi. Saboda haka a ƙarshen 2011 ya tsage gida biyu, kowanne da masu jarinsa. Ɓangaren waya ya zama Chorus. Ɓangaren kiri ya riƙe tsohon suna har 2014, sa'an nan ya koma Spark.

Chorus ya sami kimanin kashi 70 cikin 100 na aikin. Sauran aka ba ƙananan kamfanoni uku na yanki. Enable, mallakar majalisar birnin Christchurch, ya yi nasa birnin. Wanda a yau ake kira Tuatahi First Fibre ya yi Hamilton da Tauranga da wasu garuruwa. Na ukun ya kamata ƙungiyoyinmu su lura da shi, watau Northpower na garin Whangarei. Kamfanin lantarki ne wanda wata amana take riƙe da shi a madadin masu amfani da wutar yankin, shi ne kuwa ya riga kowa gama nasa aikin, a 2014. Daga baya gwamnati ta faɗaɗa shirin. Da aka kammala a Disamba 2022, faiba ta kai garuruwa 412, inda kashi 87 cikin 100 na mutanen ƙasar suke zaune.

RIGIMAR DA TA KOYA MUSU HANKALI

Hukumar da ke sa ido a kan wannan ciniki ita ce Hukumar Ciniki ta ƙasar. Doka ce ta kafa ta, kuma a kan batun farashi ita ke yanke hukunci, ba minista ba. Manoman Nuzilan sun san ta sarai, gama ita ce kowace shekara take bincika yadda Fonterra, babbar ƙungiyar gama kai ta masu shanun madara, take lissafa kuɗin madarar da take biyan 'yan ƙungiya.

A Nuwamba 2013, ana tsakiyar shimfiɗa faiba, hukumar ta yanke cewa a rage wani kaso na kuɗin hayar tsohuwar wayar jan ƙarfe da kusan rabi. Ta kai ga wannan ne ta wurin kwatanta farashin wasu ƙasashe, yadda doka ta lokacin ta umarta. Chorus ya ce in aka yi haka ba zai sami kuɗin gama aikin faiba ba. Darajar jarinsa ta faɗi, ya daina raba riba ga masu jari na ɗan lokaci. 'Yan kiri da masu kare haƙƙin mai saye kuwa suka ce kada gwamnati ta kuskura ta sa baki. Aka yi ta jayayya har Disamba 2015, sa'ad da hukumar ta gama cikakken lissafin abin da aikin yake ci, ta tsai da sabon farashi wanda ya ɗara wanda aka sauke a dā.

Darasin a fili yake. In aka matse mai sari fiye da kima, ba wanda zai ƙara zuba kuɗinsa a rami. In aka sake masa, jama'a za su sha tsada. Kuma in ba a san ƙa'idar lissafi tun da wuri ba, kullum sai rigima. Tun ran gini, tun ran zane. Saboda haka a 2018 majalisar ƙasar ta gyara dokar sadarwa ta 2001, ta kafa sabon tsari domin faiba, wanda ya fara aiki ran 1 ga Janairu 2022. Ga manyan dokokin da mai sari yake ƙarƙashinsu.

DOKA TA FARI: MAI SARI BA YA KIRI

Chorus ba shi da izinin sayar wa mai gida intanet kai tsaye. Tun da ba shi da shagon kansa a kasuwa, ba shi da dalilin danne shagon wani. Ribarsa tana ƙaruwa ne in 'yan kiri duka sun sami ciniki.

DOKA TA BIYU: MUDU ƊAYA GA KOWA

Kamfanonin huɗu duka sun sa hannu a kan alkawari cewa ba za su nuna bambanci tsakanin 'yan kiri ba. Farashin da aka ba babban kamfani shi za a ba ƙarami, da sharaɗi iri ɗaya. In waya ta yanke, ba a duba ko mai gidan abokin cinikin wane kamfani ne kafin a aika masu gyara. Bugu da ƙari, doka ta tilasta wa Chorus ya sa farashi ɗaya ko'ina wayarsa ta kai. Gidan da ke ƙaramin gari yana biyan abin da gidan babban birnin Oklan yake biya, ko da yake kai masa waya ya fi tsada. Wannan doka ita ce garkuwar mutanen ƙananan garuruwa.

DOKA TA UKU: IYAKAR KUƊIN SHIGA

Nan ne zuciyar al'amarin. Hukumar ba ta zauna ta yanka farashin kowane abu ɗaya ɗaya ba. Tana lissafa jimlar kuɗin da ya halatta Chorus ya tara a shekara, ta ce kada ya wuce nan. Bari mu kwatanta da abin da muka saba.

A ce ƙungiyarmu ta sayi injin niƙa a kan Naira 1,000,000, shi kaɗai ne a gari, kuma zai yi shekara goma kafin ya mutu. Nawa ya kamata ya kawo a shekara?

1. Kuɗin gudanarwa, watau mai, da gyara, da albashin mai kula da inji. A ce Naira 400,000.
2. Kuɗin tsufa. Tun da injin zai mutu bayan shekara goma, kowace shekara a ajiye kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa, watau Naira 100,000.
3. Ladan jari. Waɗanda suka zuba kuɗi da sun kai shi wani wuri da sun sami riba. A ce kashi 10 cikin 100, watau Naira 100,000.

Jimla Naira 600,000. In muna sa ran niƙa buhu 3,000 a shekara, kowane buhu ya tashi Naira 200 ke nan. In mai kula da inji ya karɓi Naira 400, ya ci jama'a. In aka tilasta masa Naira 100, ran da injin ya mutu ba za a iya sayen wani ba.

Haka hukumar take yi wa Chorus, sai dai ta ƙara haraji a cikin lissafin. Da fari ta auna darajar dukan wayoyi da ramuka da na'urorinsa na faiba, ta same su kimanin dala miliyan 5,400 a farkon 2022. A cikin wannan har da hasarar da kamfanin ya yi tun daga 2011, lokacin da waya tana ƙasa amma gidaje kaɗan ne suka jona. Doka ta ce a lissafa wannan hasara a bar shi ya mayar da ita sannu a hankali. Mai lambun mangwaro ya san wannan, gama shekarun fari ban ruwa kawai ake yi ba a tsinkar kome. Amma an kuma lissafa cewa kuɗin gwamnati ya zo masa ba ruwa, domin kada ya nemi lada a kan abin da bai biya ba.

Da aka haɗa duka, hukumar ta yarda Chorus ya tara kimanin dala miliyan 690 a 2022, ya hau zuwa kimanin miliyan 790 a 2024. Ladan jarin da ta yarda da shi a wannan zango bai kai kashi 5 cikin 100 ba. A zango na biyu, daga 2025 zuwa 2028, ya haura kashi 7, domin ruwan bashi ya hau a kasuwannin duniya. In a wata shekara kamfanin ya tara fiye da abin da aka yarda, za a cire rarar daga abin da zai tara nan gaba. In ya kāsa, za a bar shi ya cike.

Akwai wata dabara da mai sari zai iya yi. Tun da ana ba shi lada a kan jarin da ya zuba, zai iya kashe kuɗi a kan abin da ba a bukata domin ladan ya ƙaru. Saboda haka kafin kowane zango sai Chorus ya kawo tsarin abin da zai kashe. Ana sa wani gwani mai zaman kansa ya duba, hukumar ma ta duba, ta yarda da abin da ya dace ta yanke wanda bai dace ba.

DOKA TA HUƊU: TURKE

Iyakar kuɗin shiga a kan jimla take. Mai wayo zai iya sauƙaƙa wa masu sayen intanet mai tsananin sauri, ya ɗora nauyin a kan masu ƙaramin ƙarfi. Domin hana wannan, doka ta keɓe abu biyu da tilas Chorus ya riƙa sayarwa a kan farashin da aka ƙayyade. Ɗaya layin magana ne kawai. Ɗayan kuwa intanet ne mai matsakaicin sauri, megabit 100 a daƙiƙa. Farashinsu ba ya hawa sai daidai da hauhawar farashin kaya a ƙasar. Kamar turke ne. Akuya tana iya kewayawa, amma ba ta wuce tsawon igiya. In kamfani ya tsawwala kuɗin sauran kayansa, jama'a sai su koma wa na turke.

DOKA TA BIYAR: INGANCIN AIKI

Wanda aka hana ƙara kuɗi yana iya rage mudu. Zai iya sallamar masu gyara, ko ya cusa gidaje da yawa a kan na'ura ɗaya har intanet ya riƙa jan ƙafa da yamma. Saboda haka hukumar ta sa iyaka a kan tsawon lokacin da waya za ta zauna a yanke, ta kuma sa iyaka a kan cunkoso. In kamfani ya keta, hukumar tana iya kai shi kotu a ci shi tara.

An kuma yi tanadi domin lokacin barin tsohuwar waya. Bisa ga ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2020, Chorus ba zai cire wayar jan ƙarfe daga gida ba sai faiba ta riga ta kai wurin, kuma sai ya ba da sanarwa tun da sauran watanni. Tarhon faiba yana mutuwa in an ɗauke wuta. Domin haka aka wajabta wa 'yan kiri su ba marasa lafiya da sauran masu rauni wata hanyar kiran taimakon gaggawa a irin wannan lokaci.

DOKA TA SHIDA: A BUƊE LITTAFI

Kowace shekara kamfanonin huɗu suna bayyana abin da suka tara, da abin da suka kashe, da ribarsu, da farashinsu, da yawan yankewar waya. Ƙananan kamfanoni ukun nan ba a sa musu iyakar kuɗin shiga ba. Wannan bayani kawai aka ɗora musu, tare da sanin cewa in aka ga sun fara cin riba fiye da kima za a iya sa musu linzami irin na Chorus. Mun san amfanin wannan a ƙungiyoyinmu. Ma'ajin da ya san za a karanta littafinsa a gaban taro ba ya wasa da kwabo.

YADDA AKE YANKE SHAWARA

Hukumar ba ta yanke hukunci a ɓoye. Ta fara ne da rubuta ƙa'idodin lissafi, watau yadda za a auna dukiya, da yadda za a gane ladan jari, da yadda za a raba kuɗin abin da faiba da jan ƙarfe suke tarayya a kai. Ta gama su a 2020, kafin ta taɓa maganar ko nawa ne. Doka ta ce a sāke duba su aƙalla sau ɗaya cikin shekara bakwai. A kowane mataki takan fitar da daftari, ta ba kowa lokaci ya rubuto ra'ayinsa, ta kuma bar kowane ɓangare ya amsa abin da ɗayan ya faɗa. Sa'an nan ta ba da hukunci tare da dalilanta a rubuce. Wanda bai gamsu da ƙa'idodin ba yana da ikon zuwa babbar kotu. Aikin yana cin shekaru, amma wanda zai binne kuɗinsa na shekara talatin yana bukatar ya san ba za a sauya masa mudu da tsakar dare ba.

WAƊANDA AKA BARI A BAYA

Kada mu ɗauka wannan tsari ya warware kome. Kashi 13 cikin 100 da faiba ba ta kai musu ba, da yawansu manoma ne da makiyaya masu zama nesa da gari, su ne kuwa suke noma abin da ƙasar take sayarwa. Dokar hukuma tana gyara halin mai waya a inda waya ta kai, amma ba ta haƙa rami zuwa inda babu riba. Wannan sai da kuɗi dabam. Tun 2011 gwamnatin Nuzilan ta kafa shiri na musamman domin karkara, da kuɗin da akasari aka tara daga harajin da aka ɗora wa kamfanonin sadarwa. A 2017 manyan kamfanonin wayar hannu uku suka haɗa kai suna gina dogon ƙarfe ɗaya su yi tarayya a kai, maimakon kowa ya gina nasa. Wasu manoma kuma sun koma ga intanet na tauraron ɗan adam.

WATA HANYA DABAM

Ba kowace ƙasa ce ta bi wannan hanya ba. A Ingila mai sari shi ne Openreach. Kamfani ne dabam a shari'a, amma har yanzu mallakar BT ne, wanda yake kiri. Hukumarsu, Ofcom, a hukuncin da ta yanke a Maris 2021 domin shekara biyar, ba ta sa iyaka a kan farashin intanet mafi sauri ba. Ta kafa turke a kan mai ƙaramin sauri kawai, ta kuma tilasta wa Openreach ya bar wasu kamfanoni su zura tasu wayar cikin bututunsa, su rataya a turakunsa. Nufinta a sami rijiya biyu ko uku a gari, gasa ta yi aikin da doka za ta yi. Wannan yana yiwuwa inda mutane suka yi yawa. A ƙauye mai nisa, ko rijiya ɗaya sai da taimakon gwamnati.

MU FA A NIJERIYA?

Tamu hukumar ita ce NCC, wadda take aiki da dokar sadarwa ta 2003. Ita ma ta gwada tsarin sari. Ta raba ƙasa yanki bakwai, watau shiyyoyi shida da Legas, domin kowane yanki ya sami kamfanin da zai shimfiɗa faiba ya ba kowa haya ba bambanci. An fara ba da lasisin a 2015, amma aikin bai yi saurin da aka sa rai ba. Ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne kuɗin izinin bin gefen hanya. Tun 2013 aka yarda a kan Naira 145 kowace mita, amma jihohi da yawa suka ci gaba da karɓar dubbai. A 2020 Jihar Ekiti ta sauko zuwa Naira 145, Jihar Kaduna kuwa ta yafe kuɗin gaba ɗaya. Wata matsala ita ce yawan sare waya, ko wurin aikin hanya ko da gangan. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa kayan sadarwa cikin dukiyar ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. A wannan shekara kuma ta amince a kafa wani kamfani na musamman da zai shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba.

Ashe ke nan tambayoyin da Nuzilan ta amsa suna gabanmu. Wa zai mallaki wayar? Zai tsaya a kan sari, ko zai yi kiri? Ƙaramin kamfani na Jos ko na Yola zai sami haya a kan farashin da babban kamfani yake samu? Garin da ke nesa zai biya daidai da birni? Wa zai ga littafin lissafi?

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Na ɗaya, mu san inda waya ta bi a yankinmu, mu kiyaye ta. Kafin a haƙa lambatu ko a yi huɗa a gefen babbar hanya, a duba alamun da aka kafa. Waya ɗaya in ta yanke, garuruwa da yawa ne suke rasa sabis.

Na biyu, mu tambayi kansila da ɗan majalisar jiha nawa jiharmu take karɓa a kan kowace mita. Kuɗin da aka tsawwala a nan, a kanmu yake dawowa, ko kuma wayar ta kewaye mu ta wuce.

Na uku, sakatare ya riƙa rubuta ranakun da sabis ya ɗauke da tsawon lokacin. A fara kai kuka ga kamfani. In bai gyara ba, NCC tana da lambar kai ƙara, 622, kiran kyauta ne. Takardar da ƙungiyoyi goma suka sa wa hannu ta fi kukan mutum ɗaya nauyi.

Na huɗu, dokar 2003 ta kafa asusu na musamman domin kai sadarwa wuraren da kamfanoni ba su ga riba ba. Garin da ba shi da sabis yana da dalilin rubutawa ya nemi a sa shi cikin lissafi. NCC kuma takan kira taron jin ra'ayin jama'a kafin ta fitar da sabuwar ƙa'ida. Kamfanoni ba sa fashin zuwa. In manyan ƙungiyoyin manoma ba su aika wakili ba, ba wanda zai faɗi abin da ke damun karkara.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A TARO

1. Wane abu ne a garinmu yake hannun mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya, kamar injin niƙa, ko famfon burtsatse, ko tarakta, ko sito? Wa yake yanka kuɗinsa, da wane lissafi?
2. In kayan ƙungiyarmu ne, muna ajiye kuɗin tsufa kowace shekara, ko sai ya mutu mu fara neman gudummawa?
3. Ɗan ƙungiya da wanda ba ɗan ƙungiya ba, na kusa da na nesa, mudu ɗaya muke auna musu?
4. Yaushe aka karanta littafin ma'aji a gaban kowa?
5. Wa za mu wakilta ya binciko kuɗin izinin hanya na jiharmu, ya kawo mana amsa a taro na gaba?

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wa 'yan'uwa wannan bayani a taron wata, a kuma yi lissafin injin niƙan nan a kan allo da ainihin kuɗin kayan da ƙungiya take da su.